Yaron da Ya Take Mutane da Mota a Cikin Gem

A 'yan shekarun nan da ƙwacen waya da faɗan daba suka addabi unguwannin Kano, duk majalisar da aka zauna neman dalilin lalacewar yara, sai an ambaci gidan gem. Bayan an gama da shaye-shaye da zaman banza da sakacin iyaye, sai wani dattijo ya ce ai shi da idonsa ya leƙa wani shago a layinsu, ya ga yaron da bai wuce shekara goma ba ya fizgo mutum daga cikin mota, ya shige, ya hau gefen titi yana take jama'a yana ƙyalƙyala dariya. Sai a ɗauki salati, a ce wanda ya iya wannan a talabijin, gobe wuƙa zai ɗauka. Ba na raina wannan tsoron. Wanda aka taɓa tare shi da magariba a Ɗorayi ko Kurna, aka nuna masa ƙarfe aka karɓe wayarsa, dole gabansa ya faɗi idan ya ga yaro yana wasa da irin wannan hoto. Amma ina ganin muna neman halin yaranmu a inda ba ya nan, kuma wannan neman yana ɗauke mana hankali daga inda halin yake fitowa ƙarara.

Gem ɗin da dattijon ya gani GTA ne, wato jerin wasannin satar mota da ake kira Grand Theft Auto, kuma mai yiwuwa San Andreas ne na kamfanin Rockstar, wanda ya fito tun 2004 amma har yau ana buga shi a tsofaffin na'urorin PlayStation 2 da wayoyi. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun gem ɗin ya san mutanen da ke yawo a titunansa ba su da suna, ba su da iyali, ba su da labari. Ka take ɗaya, ka zagaya layi ka dawo, an sake zubo wani mai irin rigarsa da irin tafiyarsa. Iyakar abin da zai biyo baya, taurari su fito a saman allo, 'yan sanda su biyo ka, ka shige garejin fenti a sauya wa motar launi, magana ta mutu. Haka masu shi suka gina shi da gangan, yadda ɓarna ba za ta bar tabo ba. Yaro kuwa yana gane hakan tun zaman farko. Abin da yake yi a wannan titin gwajin inji ne: in na yi kaza, me zai faru? Ba a tsayar da shi tsakanin alheri da sharri ba, tunda babu wanda zai yi asara ko ya yi kuka, kuma shi ma ya san babu.

Masu bincike sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. A 2019 Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford da Netta Weinstein sun duba yara kusan dubu ɗaya 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, suka tambayi iyayensu halin yaran a gida, ba su sami alaƙa tsakanin yawan buga wasannin kisa da faɗace-faɗacen yaran ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2020 akwai ɗan ƙaramin tasiri wajen zafin rai, irin su tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar ɗora wa gem alhakin aikata ta'asa. Yaran Turai ne da Amurka, ba na Kano ba, na yarda. Sai dai mu ma nan mun san faɗan daba ya girmi PlayStation nesa ba kusa ba, kuma iyayenmu sun ba mu labarinsa tun ba a san gidan gem ba.

Tambayar da ta fi damuna tana wani wajen. Akwai wasannin da aka tsara su musamman don su tsayar da mai bugawa a mararraba, su ce masa ga dama ga hagu, kuma labarin zai sauya gwargwadon inda ya bi. Fitacce a cikinsu shi ne Mass Effect na kamfanin BioWare da ke Kanada, wanda ya fara fitowa a 2007. Kai ne kwamandan jirgin sararin samaniya, kuma a wurare da yawa na hira ana ba ka amsar sassauci da yafiya, ko amsar zafin kai da rashin imani. A 2013 kamfanin ya fitar da alƙaluman kashi na uku na wasan: kashi 64.5 cikin ɗari na masu bugawa sun bi hanyar kirki, 35.5 suka bi ɗayar. A 2020 kuma wani tsohon ma'aikacinsu, John Ebenger, ya ce kusan kashi 92 cikin ɗari hanyar kirkin suka bi, har yana kokawa da wahalar da suka sha wajen tsara ɗaya ɓangaren da mutane ƙalilan suka leƙa. Alƙaluman biyu sun sha bamban, amma waje ɗaya suka nuna. Mutum yana ɗakinsa shi kaɗai, babu ɗan sanda, babu maƙwabci, an ba shi izinin mugunta a kyauta, kuma galibi sai ya ƙi.

Wannan labari ne mai daɗi, sai dai ban yarda a ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Kirkin da ake yi a irin waɗannan wasanni mai araha ne. A Mass Effect an ma shafa wa zaɓin launi, shuɗi na kirki, ja na ƙeta, don kada ka ɓata hanya. A Red Dead Redemption 2 na 2018, akwai ma'aunin mutunci a ƙasan allo: gaisa da mutane, taimaki wanda ka tsinta a hanya, ma'aunin ya hau, masu kanti su fara rage maka farashi. A BioShock na 2007 ana ba ka zaɓi tsakanin ceton wasu ƙananan 'yan mata ko sadaukar da su don ka ƙara ƙarfi. Wanda ya sadaukar yana samun ninki biyu nan take, amma wanda ya cece su ana aiko masa da kyaututtuka daga baya har tazarar ta kusa rufewa. Ashe mai wayo ma ceton zai zaɓa. Idan aka biya mutum ladan kirkinsa tun kafin ya tashi daga kujera, abin da muka gano game da shi kaɗan ne: yana son ya ga kansa a matsayin mutumin kirki. Wannan ba abin rainawa ba ne, amma kusan kowa yana son haka, har da waɗanda muke kulle ƙofa saboda su.

Wasan da ya fi kama ni a wannan fanni ƙarami ne, babu hoton a-zo-a-gani a cikinsa. Sunansa Papers, Please, mutum ɗaya ne ya yi shi, Lucas Pope, a 2013, kuma tun 2022 ana samunsa a waya. Kai ma'aikacin shige da fice ne a bakin iyakar wata ƙasar da aka ƙirƙira, a shekarar 1982. Aikinka ka zauna a bayan taga, ka duba fasfo, ka buga hatimin shiga ko na korewa. Ana biyanka ne gwargwadon yawan mutanen da ka sallama daidai. Da yamma sai a jero maka lissafi: kuɗin haya, abinci, ɗumama ɗaki, maganin ɗanka da ya kwanta. Matarka da ɗanka da surukarka da kawunka duk a wuyanka suke, kuma idan kuɗi ya gaza, kai za ka zaɓi abin da za a haƙura da shi a daren. In ka yi sakaci sai a wayi gari an rubuta maka wani ya rasu.

A cikin wannan matsin ne wani mutum zai zo da takardunsa cikakku, ka buga masa hatimi, ya ce maka matarsa ce a bayansa, don Allah ka tausaya mata. Ta iso, takardar izininta babu. Ta gaya maka in aka mayar da ita kashe ta za a yi. In ka bar ta ta wuce, takardar gargaɗi za ta fito maka, kuma bayan gargaɗi biyu a yini sai a fara yankar albashinka. Can kuma wani mai gadi zai raɗa maka cewa ana ba shi lada a kan duk wanda aka tsare, in ka riƙa yawaita tura masa mutane zai riƙa yaga maka wani abu. Babu shuɗi babu ja, babu ma'auni a ƙasan allo. Kai ne da hatimi da yaro marar lafiya a gida.

Duk ɗan Najeriyar da ya taɓa tsayawa gaban taga a wani ofis da fayil a hannu, ko ya zauna a mota a shingen hanya yana kallon direba yana dunƙule hannu, ya san wannan duniyar. Bambancin kawai, a nan an juya kujerar, kai ne a ciki. Mun saba cewa da ni ne a wajen ba zan karɓa ba. Wasan yana ba ka wajen, ya ɗora maka iyali, ya jira ya gani. Mutane da yawa da suka bi shuɗi daga farko har ƙarshe a Mass Effect, a nan sai su tsinci kansu suna tura talaka ɗakin tsarewa don kuɗin maganin ɗansu, suna gaya wa kansu ai dama takardunsa ba su cika ba. A ganina a irin wannan wurin ne zaɓin gem yake fara faɗin wani abu game da mai bugawa, domin alherin ya yi tsada. Kuma ba hatimin da ya buga ne ya fi tona shi ba. Uzurin da ya kawo wa kansa ne, da saurin da ya yi wajen samo shi.

Na tuna yadda gari ya ɗauka a 2023, lokacin da wani matashi ɗan adaidaita sahu a nan Kano ya mayar da kuɗi kimanin naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a kekensa. A rediyo yabo ake yi. A majalisu kuwa, duk wanda ya kasa kunne ya ji masu cewa Allah Ya yi masa albarka, ya kuma ji masu cewa a wannan tsadar rayuwar wauta ce. Irin wannan gardamar ce gem mai kyau yake buɗewa, kuma yana buɗe ta tun yaro yana ɗaki, kafin ranar da jakar gaske za ta faɗo hannunsa.

Akwai ɗan yayata da ke ajin ƙarshe na sakandare, yaro ne marar yawan magana. Yana da wani wasa a wayarsa, This War of Mine, wanda wani kamfanin Foland ya fitar a 2014, an gina shi a kan ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo na ƙasar Bosniya daga 1992 zuwa 1996. Ba soja kake bugawa ba. Fararen hula ne da suka maƙale a rusasshen gida, da rana su ɓuya saboda maharba, da dare ɗaya ya fita neman abinci da magani. A cikin gidajen da za ka iya shiga akwai na wasu tsofaffi, miji da mata, ba su da makami, suna da ɗan abinci da magani. Tsohon ba zai yi faɗa da kai ba. Bin ka zai riƙa yi daga ɗaki zuwa ɗaki yana roƙonka kada ka ɗauki maganin matarsa. Wata rana bayan isha'i yaron nan ya same ni a ƙofar gida, ya zauna ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, na yi wani abu a gem ɗin nan, ya tsaya min a rai." Na ce mene ne. Ya ce ya kwashe maganin tsohuwar. Na ce me ya kai ka. Ya ce, "Wallahi Kawu mutumina zazzaɓi ya kusa kashe shi, na duba ko'ina babu. Amma da na koma gida sai duk suka shiga damuwa, ɗaya ma ya ƙi tashi ya yi aiki." Na tambaye shi in aka maimaita, me zai yi. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce zai ɗauki rabi ya bar mata rabi, kuma ya san ko hakan ma sata ce.

Da dattijon majalisa ne ya leƙo a lokacin, abin da zai gani shi ne yaro yana fashi a gidan tsofaffi. Ni abin da na gani yaro ne da ya san lalura, ya san haƙƙi, ya ga sun yi karo, kuma bai yi wa kansa ƙarya ba wajen ba abin sunansa. Duk wanda ya yi Islamiyya ya haddace hadisin Nawwas ɗan Sam'an a cikin Arba'una, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce zunubi shi ne abin da ya sosu a ranka kuma ka ƙi mutane su tsinkaya a kansa. Ba cewa nake yaron ya yi zunubi don ya ɗauki maganin da aka zana ba, hukunci na malamai ne. Abin da nake cewa, wannan wurin da ke sosuwa yana raye a ƙirjinsa, kuma gem ne ya taɓa shi. Gwamnatin Foland ta ga haka, shi ya sa a 2020 ta sanya wasan cikin jerin abubuwan da ake ba manyan ɗaliban sakandare shawarar su nazarta.

Wani mai bincike a Jami'ar Buffalo ta Amurka, Matthew Grizzard, ya gwada wannan a 2014. Ya sa wasu ɗalibai su buga wasan yaƙi a matsayin 'yan ta'adda, wasu a matsayin sojojin kiyaye zaman lafiya. Waɗanda suka buga ɓangaren ta'addancin sun fi jin nauyin laifi, kuma bayan sun gama sun fi nuna damuwa da batun tausayi da adalci. Amma shi da abokan aikinsa sun sake wani binciken daga baya, suka ga idan ana maimaita wasan kwana da kwanaki, wannan jin nauyin yana raguwa. Wannan rabin na biyu ya kamata masu kare gem su daina ɓoye shi. Zuciya tana sabo, kuma abin da ya girgiza ka yau, in ka yi ta yin sa, wata rana za ka yi shi kana cin gyaɗa.

To, wanda ya zaɓi mugunta da gangan fa, ba don lalura ba? Mafi yawansu son sani ne ke jan su. Gem yana da abin da rayuwa ba ta da shi, wato ka adana wasa, ka aikata, ka ga sakamako, ka koma baya kamar ba a yi ba. Da yawa sai sun gama wasan a matsayin mutumin kirki, sannan su sake daga farko don su ga labarin da aka ɓoye a ɗaya ɓangaren, tunda da kuɗinsu ko datarsu suka saye shi. Mu da muka taso da tashe bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Yaro ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya layu ya zama boka mai magani, a zagaya gidaje a yi dariya a ba su hatsi, ba wanda ya taɓa cewa ɗan wane ya koma bokanci. Kowa ya san riga ce aka ara. Inda zan tsaya in kalli yaro da kyau shi ne idan ba ya cire rigar: kowane wasa aka ba shi, azabtarwa yake nema, yana ja da ita, yana ba da labarinta da jin daɗi, kuma irin wannan daɗin yana bayyana a yadda yake yi da ƙannensa da kyanwar gida. A nan ma ba allon ne ya ba da shaida ba, gidan ne ya bayar, allon ya ƙara haske kawai.

Kada kuma mu manta, babban zaɓi ba mai bugawa ne yake yin sa ba, an riga an yi shi a ofishin kamfani. A GTA V na 2013 akwai wani mataki da dole ka azabtar da ɗaurarren mutum, ka zaɓi ko cire haƙori ko jona wuta, kuma babu hanyar ci gaba da labarin sai ka yi. A Resident Evil 5 na 2009 an kafa labarin a wani garin Afirka na ƙirƙira, abokan gaba kuwa baƙaƙen fata ne da cuta ta haukata, kana harbinsu tuli-tuli. A wasannin yaƙi da yawa, mai rawani da gemu shi ne abin harbi tun kafin ya buɗe baki. Yaronmu na Fagge ko Gwammaja bai zaɓi wannan ba, miƙa masa aka yi, kuma sau da yawa wanda yake harbi ya fi kama da shi fiye da wanda yake riƙe da bindigar. Abin da ya ƙarfafa min gwiwa shi ne abin da ya faru a 2020, lokacin da PUBG Mobile ya ƙara wani salo da mai bugawa zai rusuna gaban gunki don ya sami lafiya. Musulmi masu bugawa suka yi ca, wasu suka goge wasan daga wayoyinsu, kamfanin ya cire abin ya ba da haƙuri. Wannan zaɓi ne na gaske, kuma a wajen allo aka yi shi.

In kana son ganin halin yaro a gidan gem, juya wa talabijin baya ka kalli benci. Galibin abin da ake bugawa a shagunanmu ƙwallo ce, kuma a ƙwallo abokin karawarka mutum ne mai rai da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da kai. A nan za ka ga wanda in an zura masa uku sai ya danna ya kashe wasan ya ce hannunsa ne ya lalace. Za ka ga ƙato ya ƙwace hannu daga ƙaramin da ya biya kuɗinsa yana jiran layi. Za ka ga inda aka ce wanda aka ci shi zai biya, daga nan a koma ɗora kuɗi, daga nan a wayi gari caca ce sosai, har da 'yan kallo masu zuba nasu. Za ka kuma ga yaron da ya lura abokinsa ba shi da ko sisi, ya biya masa bai ce komai ba, da wanda ya ci ya miƙa hannu aka gaisa, da wanda aka kira salla ya ajiye hannu alhali shi ke kan gaba. Duk waɗannan ba a adana su a koma baya. Wanda aka ƙwace wa hannu zai tafi gida da abin a ransa.

Haka abin yake a waya. A Free Fire da PUBG da Call of Duty Mobile, ana haɗa ka da mutane na gaske, wani yana Hotoro, wani yana Legas, wani yana Alƙahira. Abokinka ya faɗi yana rarrafe yana jiran ka ɗaga shi, kai kuma ka ga in ka bar shi ya mutu kayansa naka ne. Wani ya yi kuskure, ka buɗe makirfo ka ɗura wa uwarsa ashar ɗin da ba za ka iya furtawa a gaban yayanka ba. Yarinya ta yi magana, muryarta ta fito, nan take wasa ya koma neman lamba da maganganun banza har sai ta kashe makirfonta. Ga masu sayen lu'ulu'un gem da kuɗin da aka cire daga asusun uwa ba da saninta ba, ga masu karɓar kuɗin yaro da sunan za su sayar masa da akawun su toshe shi. Ban ga dalilin da za mu tayar da hankali kan mutumin zane da aka take a San Andreas ba, mu yi shiru kan waɗannan, alhali a nan ne ake cin amana da cin mutunci da haƙƙin da za a tsaya a kansa gobe ƙiyama.

Duk wannan ba ya nufin na yarda yaro ɗan shekara goma ya buga GTA. Ban yarda ba ko kaɗan. Ba don zai zama ɗan daba ba, sai don akwai batsa da ƙwaya da azabtarwa a ciki da bai kai ya gani ba, kuma masu yin wasan da kansu ba su ce nasa ba ne. A Turai an buga wa GTA V lambar 18 a jikin kwalinsa, a Amurka an ce sai ɗan 17 zuwa sama. Haka wasan faɗa na Mortal Kombat na yanzu. Matsalarmu ita ce wasannin ba sa zuwa mana a kwali. Tura su ake yi, daga kwamfuta zuwa na'ura, daga waya zuwa waya, a kasuwar waya ta Farm Centre da ƙananan shagunan unguwa, don haka lambar ba ta taɓa isa idon uba. Uban ma da zai gani, sau da yawa abin da ya sani kawai shi ne yaro yana gem, kamar duk abu ɗaya ne, alhali tsakanin wasan ƙwallo da GTA V akwai tazarar da ke tsakanin labaran rediyo da fim ɗin da ba a kallo da yara.

Muna da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, kuma mun saba da cewa maganin duk abin da ya tsorata mu shi ne a rufe. Rufe gidan gem ba zai cire wasan daga wayar yaro ba, zai dai mayar da shi ƙarƙashin bargo inda babu benci, babu babba. Abin da nake so in gani mai sauƙi ne: kowane shago ya liƙa jerin wasanninsa da shekarun da aka ƙayyade musu, da Hausa, a hana ɗora kuɗi, a hana yara masu kayan makaranta zama a lokacin aji. Iyaye da yayye kuma su riƙa zama ko na rabin awa kusa da yaro yana bugawa, ba don sa ido ba, don su sami damar tambayarsa me ya sa ya zaɓi kaza, su kuma jure sauraron amsar ba tare da tsawa ba.

Na san masu gidan gem ba attajirai ba ne. Da yawansu matasa ne da suka gama karatu babu aiki, suka haɗa talabijin biyu ko uku da janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur yake cinye rabin cinikin. Yaran nan ƙanana su ne kwastomomin rana, lokacin da manya ke wajen aiki. Idan ɗan shekara tara ya miƙo kuɗinsa ya ce a sa masa GTA, mai shagon ya san in ya hana shi, akwai wani shagon a layi na gaba da zai karɓa. Duk da haka shi nake roƙo ya hana, ya sa masa ƙwallo ko tseren mota, in ya ƙi ya mayar masa da kuɗinsa. Masu unguwanni kuma su tara masu shagunan yankinsu su yi magana ɗaya, domin wanda ya hana kada ya zama shi kaɗai ne zai kwana da asara.